Na'urar da ke amsa wa masu saye da dare: yadda ake gina ta daga saƙonnin Facebook da WhatsApp

Kawuna yana da shagon kayan noma a Garwa, a arewacin Kamaru, ba nisa da babbar kasuwa. Yana sayar da taki, iri, maganin ƙwari, injin ban ruwa da kayan gyaransa. Yaran shago ne suka buɗe masa shafi a Facebook da zaure a WhatsApp, abin kuma ya karɓu fiye da yadda aka zata. Sai dai manomin Lagdo ko Pitowa ko Gidar ba ya tashi rubuta tambaya sai ya dawo daga gona, ya ci tuwo, ya yi isha'i. A lokacin Kawu ya rufe shago, idonsa ma ba ya son hasken waya. Da safe a tarar da saƙo tuli guda, kuma rabinsu tambaya ɗaya ce cikin riguna daban-daban: nawa ne buhu, akwai iri kaza, kuna aikawa ta ajans, wato kamfanin motocin haya? Kafin a kai ga na ƙarshe, na farko ya je ya saya a wani wuri.

Ni aka ɗora wa nemo mafita, tunda ni ne ɗan gidan da ya yi karatun kwamfuta. Abin da zan zayyana nan shi ne hanyar da na bi, har da inda na yi tuntuɓe. Duk mai shago, ƙungiyar manoma, makaranta ko gidan rediyo da tambayoyi suka yi wa yawa zai iya binta. Akwai ƙa'ida ɗaya da nake so ka riƙe tun daga nan, don a kanta komai ya doru: tambayoyi kaɗai ake ɗebowa daga rubutun jama'a. Amsa daga bakin wanda ya san aikin take fitowa.

Rubutun wa za ka kwasa?

Mutane da yawa da sun ji ana maganar kwasar rubutu daga shafukan sada zumunta, tunaninsu yana zuwa kan wata manhaja da za a saka ta bi shafukan jama'a tana yashe duk abin da ta gani. Kada ka fara ta nan. Dokokin amfani da Facebook sun hana tattara bayanai da na'ura ba tare da izinin kamfanin Meta mai Facebook da WhatsApp ba, kuma tun bayan badaƙalar kwasar bayanan mutane ta kamfanin Cambridge Analytica a 2018 suke ƙara toshe ƙofofi. A watan Afrilun 2024 sun rufe ƙofar da manhajoji ke bi su karanta rubutun zaurukan Facebook, a watan Agusta na wannan shekarar kuma suka rufe CrowdTangle, manhajar bibiyar rubutun shafuka wadda 'yan jarida da masu bincike ke dogaro da ita. X ma, wato Twitter ta da, tun 2023 ta sa wa tata ƙofar kuɗi. Wanda ya yi taurin kai ya haura ta katanga, abu mafi sauƙi da zai same shi shi ne a rufe masa shafi, kuma shafin da aka yi shekaru ana tara wa mabiya ba abin wasa ba ne.

Ga kuma dokar ƙasa. A Kamaru akwai doka mai lamba 2010/012 ta ranar 21 ga Disamba 2010 kan tsaron intanet da laifukan da ake aikatawa ta cikinta, sannan a Disambar 2024 aka sa hannu kan dokar kare bayanan mutane. Cadi ta riga mu, tata dokar kare bayanan tun 2015 take. Ko ba doka ma, akwai amana. Wanda ya rubuto wa Kawu cewa bashi ya hana shi sayen taki bana, Kawu ya gaya wa.

Saboda haka ka tsaya a kan abin da yake naka: sharhin da aka yi a ƙarƙashin rubutun shafinka, saƙonnin da aka aiko wa lambar shagonka, da hirar zauren da kai ne shugabansa. Shi ma zauren, ka sanar da mutanensa kafin ka taɓa komai. Mu layi uku muka rubuta, da Hausa da Fulatanci da Faransanci: za mu duba tsofaffin tambayoyi don mu riƙa amsawa da sauri, ba za mu ajiye suna ko lambar kowa ba, wanda bai yarda ba ya faɗa a cire nasa.

Ɗebo saƙonnin

WhatsApp ya fi sauƙi. Buɗe hirar, taɓa ɗigo ukun nan na sama, ka nemi wurin fitar da hira. A wayar da ke kan Faransanci, kamar yawancin namu a nan, kalmar "Exporter" za ka gani. Zaɓi fitarwa ba tare da hotuna da murya ba: ta haka yana ba ka har saƙo 40,000 na baya-bayan nan, in ka haɗa da hotuna kuwa 10,000 ne iyaka. Abin da zai fito fayil ne na rubutu zalla, kowane layi da kwanan wata, lokaci, sunan mai magana, sai maganarsa.

Na Facebook yana son ɗan haƙuri. Mai kula da shafi yana iya buɗe asusu a dandalin masu gina manhaja na Meta, ya shiga Graph API Explorer, wato shafin da ake neman bayanan Facebook ta cikinsa, ya karɓi mabuɗin shafinsa tare da izini biyu masu suna pages_read_engagement da pages_read_user_content. Da su za ka nemi jerin rubutun shafin, sannan sharhin da ke ƙarƙashin kowane rubutu. In wannan ya yi maka nauyi, ba abin kunya ba ne ka zaunar da yaro ya kwafe sharhin wata uku da hannu zuwa cikin jadawali. Ba ka buƙatar miliyan. Saƙo dubu biyu ko uku na gaske sun isa ka ga fuskar tambayoyin da ake maka. Abin lura kawai, su ratsa shekara guda cur, domin tambayar damina daban take da ta lokacin dashen albasa da masakwa.

Wanki, inda rabin aikin yake

Zuba komai cikin jadawali, Excel ko Google Sheets, layi ɗaya saƙo ɗaya. In kana taɓa Python, wato yaren rubuta manhaja, Google Colab, inda ake rubuta shi a intanet, kyauta ne kuma a burauza yake aiki, ba sai kwamfutarka mai ƙarfi ce ba. Ka lura da saƙon da mai shi ya karya layi a ciki: a fayil ɗin WhatsApp layi na biyu ba ya ɗauke da kwanan wata, don haka duk layin da bai fara da kwanan wata ba ka manna shi a jikin na samansa.

Kafin komai, share mutane daga ciki. Goge ginshiƙin suna gaba ɗaya. Sannan ka bi cikin maganar kanta, don mutane suna rubuta lambarsu a tsakiyar saƙo. Lambar wayar hannu a Kamaru ƙwaya tara ce mai farawa da 6, ta Cadi ƙwaya takwas, kuma ana rubuta su da tazara bibbiyu, ko da ɗigo, ko da 237 ko 235 a gaba. Abokan cinikin da ke tsallakowa daga Mubi ko Yola kuma 234 ne. Hanya mafi tsabta ita ce duk jerin alƙaluma takwas zuwa sama, ko da tazara a tsakani, a maye shi da kalmar LAMBA. Wannan yana kwashe har lambobin shaidar biya na MoMo da Orange Money da mutane ke liƙowa. Bayan na'ura ta gama, ka bi da idonka, domin "ni ne ɗan mai unguwar wuri kaza" ba lamba ba ce amma ta nuna mutum sarai. Asalin fayil ɗin kuma ka goge shi daga waya da kwamfuta da zarar ka gama.

Daga nan sai zubar da ƙaiƙayi: gaisuwa zalla, "amin", barka da Juma'a, saƙonnin da ake yaɗawa daga zaure zuwa zaure, da layukan da ke nuna an cire hoto ko murya.

Yanzu ga wurin da ya bambanta mu da Kano ko Zariya, kuma duk jagorar da aka rubuta a wata ƙasa ba za ta gaya maka shi ba. Bahaushen Garwa ko Marwa ko Kusiri da Faransanci ya koyi riƙe alƙalami, saboda haka da kunnen Faransanci yake rubuta Hausa. Ga irin abin da ke shigowa wayar shago, kamar yadda aka rubuta shi:

"salam aleykoum nawa né bouhou taki"
"akoy irin albassa goudami"
"ina so in sani koudin engrais 20 10 10"
"tchikin garoua kou ké"

Wanda ya yi makaranta a Najeriya kuma zai rubuta "buhu", "akwai", "kudin", "cikin". A wurin kwamfuta "bouhou" da "buhu" ba su ma san juna ba. Maganin abin shi ne ka buɗe ginshiƙi na biyu kusa da na asali, inda za ka daddale kowane saƙo zuwa rubutu iri ɗaya. Mayar da duka haruffa ƙanana. Cire alamomin da Faransanci ke ɗora wa wasula. Mayar da "tch" ya zama "c", bayan nan "ch" ya zama "sh", kuma a kiyaye wannan jeri, in ka juya shi "tchikin" zai koma "tshikin". "Dj" ya zama "j", "ou" ya zama "u". Harafin da aka ninka, kamar "albassa" ko "sannuuu", a mayar da shi ɗaya. Haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, a miƙe su, tunda kusan ba mai sa su a waya.

Za ka ce ai wannan zai ɓata kalmomin Faransanci, "pour" zai koma "pur". Gaskiya ne, kuma ba komai. Wannan ginshiƙi ba mutum ne zai karanta shi ba, na gwada kama ne kawai, kuma muddin kowane saƙo ta injin niƙa ɗaya ya bi, garin iri ɗaya zai fito. Inda za ka yi hattara shi ne kalmomin da lanƙwasa ce kaɗai ta raba su. A shagon noma babbar ita ce ƙwari da kwari. "Kwari sun cinye min albasa" maganar magani ce, "gonata a kwari take" maganar ruwa ce da irin da ke jure shi. Irin waɗannan kalmomin da ke kewaye ne ke raba gardama, shi ya sa ba a gina na'urar amsa a kan kalma ɗaya tilo.

Sai ƙaramin ƙamus na gida. Taki shi ne "engrais". Albasa ita ce "oignon", ita ce kuma "tinyeere" a bakin Bafulatani. "Nawa ne", "combien", "dala noy" da "be kam" na mutanen Cadi duk abu ɗaya suke nema. Ka jera su, ka sa na'ura ta mayar da kowace zuwa kalmar Hausa ɗaya a wancan ginshiƙi na biyu. Namu ƙamus ɗin bai cika shafi biyu ba, amma ya fi duk wata dabara da na gwada amfani.

Kuɗi kuwa, ka ji tsoronsu. Mu nan da dala muke lissafi a baki, dala ɗaya sefa 5, kamar yadda riyal yake a kasuwannin Cadi. Dattijo ya rubuta "ɗari biyu" yana nufin sefa 1,000, ɗansa ya rubuta 200 yana nufin 200 ɗin. Ba na'urar da za ta raba maka wannan ba tare da kuskure ba. Don haka na hana tamu fassara kuɗin da mai saye ya ambata. Ita dai in za ta faɗi farashi, da alƙaluma take faɗa, da kalmar sefa a gaba.

Zama da mai sani

In wanki ya ƙare, karanta saƙo ɗari biyar da idonka, kana sa wa kowane suna a ginshiƙi na uku: farashin taki, samuwar iri, aikawa, lokacin buɗe shago, hanyar biya, gyaran inji, cutar shuka, bashi, ƙorafi. Na san akwai manhajojin da ke tara saƙonni gida-gida da kansu. Na gwada, kuma ina ganin ɓata lokaci ne ga ƙaramin aiki irin wannan. Karatun nan shi ne ya sa na san mutanen da nake gina wa abin. Za ka tarar gidajen tambaya ba su wuce talatin zuwa arba'in ba, kuma 'yan kaɗan daga cikinsu ne suka kwashe yawancin saƙonni.

A nan na yi babban kuskurena. Na ga cewa a zaure, in wani ya yi tambaya, sau da yawa wani memba yana ba shi amsa kafin yaran shago su farka. Sai na ce ai ga amsoshi a ɓagas: na haɗa kowace tambaya da saƙon da ya biyo bayanta, na ba na'ura. Kwana kaɗan da kunna ta, wani manomi ya tambayi kuɗin buhun yuriya da dare, ta ɗauko masa farashin da wani ya rubuta tun daminar bara. Mutumin nan ya hau babur tun daga wajen Lagdo da kuɗinsa a ƙirge. Yaron shago ya faɗa masa farashin yau, ya ciro waya ya nuna.

Kawu ya karɓi wayar, ya nisanta ta da idonsa yadda yake yi in zai karanta, ya ce a ɗaura wa mutumin buhunsa a kan kuɗin da aka rubuta. Da ya tafi na ce, "Kawu, ai na'ura ce ta faɗa, da an yi masa bayani."

Ya ce, "Ɗana, lambar wa ya rubuto wa? Duk abin da ya fita ta lambar nan, ni na faɗa."

Daga baya na ga kotu ma haka ta gani. A Fabrairun 2024 wata kotun ƙananan ƙararraki a lardin British Columbia na Kanada ta umarci kamfanin jirgin sama na Air Canada ya biya wani fasinja diyya, saboda na'urar hira ta shafinsu ta gaya masa ƙa'idar rangwame ba daidai ba. Kamfanin ya yi ƙoƙarin raba kansa da maganar na'urar, kotu ta ƙi. Kafin nan ma, a Maris 2016, Microsoft ta saki wata na'urar hira mai suna Tay a Twitter tana koyon magana daga masu yi mata rubutu, ba ta cika kwana ɗaya ba aka kashe ta saboda ƙazamar maganar da aka cusa mata. Namu buhu ɗaya ne. Abin da ya hana ni barci shi ne tunanin da a ce awon maganin feshi ta kwafo daga bakin wanda bai sani ba.

Na rushe wancan, na ɗauki littafi na zauna da Kawu bayan la'asar, kwana uku a jere. In karanta masa tambaya, ya amsa kamar mai saye na gabansa, in rubuta. Haka za ka yi da duk wanda ya fi kowa sanin aikin a wurinku. Kowace amsa ta zama gajera, layi biyu ko uku, da Hausa mai lanƙwasa yadda ya kamata, sannan a yi ta Faransanci da ta Fulatanci, wanda ya iya harshen sosai ya duba. Abin da ke canzawa, farashi da abin da ke cikin sito, kada ya shiga jikin amsa. A bar masa gurbi, a ajiye shi a wani jadawali dabam mai kwanan wata, na'ura ta ɗauko daga can. Mu mun sa sharaɗi: farashin da ya kwana bakwai ba a sabunta ba, ba ta faɗarsa, sai ta ce a dakaci safiya.

Wasu gidajen tambaya kuma amsarsu ɗaya ce tak: "Mun ga saƙonka, Alhaji zai kira ka da safe in Allah ya kai mu." Awon magani, cutar shuka, bashi, ƙorafi, duk nan suka faɗa. In wani ya rubuto cewa yaro ya sha maganin ƙwari ko feshi ya bugi mutum, amsar a rubuce take tun tuni: a kai shi asibiti mafi kusa yanzu, a tafi da kwalbar maganin. Wannan kaɗai ce ba ta bi ta awon kama da zan bayyana a ƙasa, da an ga kalmominta take fita.

Yadda take gane tambaya

Yanzu kana da tsofaffin tambayoyi masu suna, kana da amsar kowane suna. Saura in sabon saƙo ya shigo a gano wace tsohuwar tambaya ya fi kama da ita.

Hanyar da na fi yarda da ita tsohuwa ce, sunanta TF-IDF, kuma tana cikin scikit-learn, wani kunshin kayan aiki na Python. Sirrin shi ne ka sa ta yanka kalmomi gutsi-gutsi, harafi biyu zuwa huɗu, maimakon ta ɗauki kalma sukutum. A TfidfVectorizer, wato ɓangaren scikit-learn mai wannan aiki, ana zaɓar char_wb ne don haka. "Albasa" sai ta zama alb, lba, bas, asa. Wanda ya rubuta "alibasa" ya kuskure gutsure ɗaya ko biyu, sauran sun haɗu, an gane shi. Dabarar tana rage nauyin gutsuren da ke ko'ina, irin su "ina" da "don", tana ƙara wa waɗanda ba su cika fitowa ba. Kowane sabon saƙo yana bi ta injin niƙan nan na ginshiƙi na biyu, a auna shi da tsofaffi, a ba shi maki tsakanin 0 da 1. Duk wannan bai kai layi talatin na Python ba, kuma tsohuwar kwamfuta ma tana ɗauka.

Akwai manyan samfuran ƙirƙirarriyar basira da suka san Hausa, irin su AfriBERTa na 2021, AfroXLMR na 2022, da LaBSE na Google mai harsuna 109. Suna kama ma'ana ko da kalmomin sun bambanta, wanda gutsuren haruffa ba ya iyawa. Amma daidaitacciyar Hausa suka fi sani, irin ta jaridu, "bouhou" yana rikita su. In za ka gwada su, ka ba su saƙon da ka riga ka daddale, kuma sai bayan hanya mai sauƙin ta nuna maka iyakarta.

Maki nawa ne ya isa a amsa? Gwaji ne zai faɗa maka. Ware saƙo ɗari biyu da na'urar ba ta taɓa gani ba, ka ba ta, ka raba sakamakon kashi uku: ta amsa daidai, ta yi shiru ta miƙa wa mutum, ta amsa ba daidai ba. Fara da iyaka wajen 0.5, kana ɗagawa kaɗan-kaɗan kana sake ƙirgawa. Kashi na uku kake farauta. Shiru ba ya kashe ciniki, domin da ma can mutumin safiya zai jira. Amsar banza ita ce ke sa mutum ya hau babur. Ni na gwammace ta amsa rabi ta bar rabi, muddin rabin da ta amsa ba gyara a ciki.

Ina ƙirƙirarriyar basira a ciki?

Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen Nuwamban 2022 kowa ke tambayata me ya sa ban haɗa shi da lambar shago kawai na huta ba. Dalili shi ne irin waɗannan manhajoji ba sa son cewa ba su sani ba. Ka tambaye su kuɗin taki a Garwa, za su iya ƙirƙiro maka lamba da cikakkiyar natsuwa. Hausarsu kuma ta Najeriya ce galibi, na sha ganin sun sako naira a inda ba a tambaye su ba.

Suna da amfani a wuri biyu. Na farko, saƙon da ya ɗauko tambaya uku a dunƙule, suna iya warware shi zuwa guda-guda kafin a auna. Na biyu, suna iya haɗa amsoshi biyu na Kawu su zama magana ɗaya mai daɗin ji. A duka biyun kai ne ke miƙa musu amsar, kana ɗaure musu hannu da umarni irin wannan: "Ga tambayar mai saye, ga amsar shago. Sake faɗin amsar da harshen da ya yi tambaya, cikin ladabi, kada ta wuce layi uku. Kada ka ƙara farashi, awo ko alkawarin da babu a amsar. In amsar ba ta dace da tambayar ba, rubuta MUTUM kawai." Bayan nan ka sa wani ɗan bincike na ƙarshe: duk alƙalamin da ya fito a maganarta wanda babu shi a amsar asali, a tare saƙon. Ka tuna kuma duk abin da ka aika musu ya bar ƙasar zuwa kwamfutocin wani kamfani, saboda haka sai an share lamba da suna tukuna.

Ɗora ta a kan lambar shago

Kada ka yi gaggawar sakar mata baki. Matakin farko ba ya ma buƙatar Python: manhajar WhatsApp Business tana da amsoshin gaggawa, "Réponses rapides", har guda 50. Zuba amsoshin Kawu a ciki, yaron shago ya danna alamar / ya zaɓa. Tana kuma da saƙon da ke fita da kansa in an rufe shago. A Meta Business Suite ma ana iya saita amsa ga tambayoyin da aka saba yi a Messenger. Shaguna da yawa nan ya kamata su tsaya, kuma sun ci riba.

Mataki na biyu, na'ura ta kawo shawarar amsa, mutum ya duba ya aika. Mun yi wata guda a haka, kuma a nan ne muka kama yawancin kurakuranta.

Na uku shi ne ta amsa da kanta, kuma ƙofar halal ɗaya ce: WhatsApp Cloud API, hanyar da manhaja ke bi ta karɓi saƙo ta aika, wadda Meta ta buɗe wa kowa a 2022. Manhajojin bayan fage da ake tallatawa, masu shiga WhatsApp ɗinka ta hanyar ɗaukar hoton lambar QR su riƙa aika saƙo, suna iya jawo a toshe lambar, kuma lambar shago ita ce shagon. A ƙa'idar Meta kana da awa 24 daga saƙon mutum na ƙarshe ka amsa masa yadda kake so, bayan nan sai da saƙon da suka riga suka amince da tsarinsa. Sun kuma shar'anta cewa mai amfani da na'ura ya bar wa mutane hanyar isa ga ɗan Adam. Tamu tana buɗe kowace hira da faɗin gaskiya: "Wannan amsa ce ta na'urar shago. In kana son magana da mutum, rubuta 0." A sharhin Facebook na fili kuwa ban bar ta ta yi magana ba sam, don kuskure a gaban jama'a ya fi wuyar gyara.

Tunda wuta da intanet ba su da tabbas a nan, na'urar a kan kwamfutar haya ta intanet take zaune, ba a shago ba. Amsoshin kuma mun buga su a takarda mun liƙa a bayan kantar shago. 'Yan'uwanmu na Cadi sun ga yadda aka rufe shafukan sada zumunta daga Maris 2018 zuwa Yulin 2019, wata goma sha shida ana ciniki da kiran waya.

Abin da har yau ban warware ba shi ne saƙon murya, kuma manoma da yawa da shi suka fi sakewa. Whisper na OpenAI, mai mayar da murya rubutu, yana da Hausa cikin harsunansa, na gwada shi da muryoyin da masu su suka yarda, amma da iskar gona da ƙarar injin ban ruwa da Fulatanci a tsakiyar jimla, abin da yake fitarwa ban isa in dogara da shi ba. Don haka murya tana zuwa wurin mutum kai tsaye.

Kowace Juma'a da yamma ina buɗe jerin saƙonnin da ta yi shiru a kansu, in karanta wa Kawu. Wasu sabon salon rubutu ne kawai, in ƙara a ƙamus. Wasu sabuwar tambaya ce, ya ba da amsa in rubuta. Makon da ruwa ya fara ja baya, tambayar irin albasa ta taso, Gudami da Violet de Galmi, sai muka tarar mutane suna tambayar awon gwangwani alhali mu da giram muka rubuta. Kawu ya sa aka ɗauko gwangwanin da sikeli, muka auna a gabansa, na gyara layin kafin a kira magariba.